Kujerar Bakin Taga

Shafi na 19

Daga Hafsatu 'yar Kpangalam

Masu cika mini waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi. Wutar unguwarmu aka ɗauke tun jiya, a shagon tela na samu na yi caji. Ke kuma da kika rubuto wai na cika tsanar Muntasir, 'yar'uwa karanta na yau tukuna, sai ki dawo mu yi magana.

Mun tsaya inda Zinariya da mahaifinta Baba Dogo suka baro Sokodé suka sauka Dapaong, gidan yayanta Muntasir mai manyan motoci. Daga nan ne ya ce za su wuce Wagadugu su hau jirgin sama zuwa Maroko.

*

Zinariya na idar da la'asar ta ɗauki wayarta ta fito neman yayanta. Tun saukarsu yake zille mata. In ta ce "Yaya", ya ce ana kiransa a gareji. In ta sake cewa "Yaya", ya ce wata motarsa ce ta lalace a garin Mango.

Ita kuwa so take su zauna su bi tsarin tafiyar tare, don wata da watanni ta kwashe a kansa. Yarinyar da ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa yana tafiya ba sai a waya, yanzu ko daga barci ka tashe ta za ta karanto maka. Ta san Kazablanka manyan tashoshi biyu gare ta, wanda ya rikita su ya shiga uku. Ta san jirgin da ke miƙewa Fas ba tare da an sauka an sauya ba, shi ta zaɓa saboda ƙafar Baba. Ta tsallake na tsakar rana don tsohon ya samu ya yi azaharsa a ƙasa. Marakesh ta bari sai ƙarshe, lokacin jikinsa ya saba. Kujera kuwa ta bakin taga ta ware masa, hannun hagu, mai kallon gaba, don an ce tsakanin Kazablanka da Rabat ta nan ake hango teku. Ta tura wa Muntasir komai, shi ne mai biya.

Duk saboda me? Saboda Baba Dogo ƙuruciyarsa kaf a tashar jirgin ƙasa ta Blitta ya ƙarar da ita yana dako. Gishiri, siminti, auduga, duk a kansa suka bi. Har yau tsakiyar kansa akwai kanta, wuri mai tauri da gashi ya daina fitowa, shi ya sa ba ya rabuwa da hula. Amma har aka daina jirgin fasinja a ƙasar nan bai taɓa zama a kujerarsa ba. Sau ɗaya ya hau, shi ma a kan buhuna.

Ba ta samu Muntasir a falo ba. Matarsa Bilkisu ta samu a bayan gida tana sa mai aiki goge-goge.

"Yauwa uwar ɗakina, zo ki ga ɗakin Baba, ki gaya mini in akwai abin da na manta."

Zinariya ta leƙa. Sabuwar katifa, fanka, talabijin, buta da darduma. Taga ɗaya ce a ɗakin, an rufe ta da labule mai kauri kamar bargo.

"Anti, duk wannan hidimar ta kwana biyu?"

"Wane kwana biyu? Ai sai mun dawo."

"Mun dawo daga ina?"

"Daga Marokon mana." Bilkisu ta ja labulen ta gyara. "Wannan yayanki ne ya ce a sa mai kauri. Kin san 'yan Zangon Sokodé na shigowa kasuwar nan, kada wani ya gifta ya hango shi."



Sai a lokacin Bilkisu ta waiwayo ta ga fuskar Zinariya. Ta dafe baki.

"Na shiga uku. Bai gaya miki ba?"

Zinariya ta juya ta fita. A bakin ƙofar falo suka yi kiciɓis da Muntasir yana shigowa da makullan mota a hannu.

"Yaya, ina fasfo ɗin Baba?"

"Yana wurina. Me ya faru?"

"Ina tikitinsa na jirgin ƙasa?"

Ya dubi bayanta, ya ga Bilkisu ta laɓe jikin bango. Ya ja tsaki.

"Shigo ciki. Kuma ki rage murya."

Ta shiga, amma ba ta zauna ba.

"Zinariya, ke ba yarinya ba ce. Ke da bakinki kika ce jirgin ƙasa ba ya jiran kowa. Ba motar tasha ba ce da za a ce direba dakata, tsoho na zuwa. Baba da sanda yake tafiya. In ya faɗi tsakanin jirgi da dakali fa?"

"Ka san bulo nawa na jera masa a tsakar gida?"

"Wane bulo?"

"Na nemo tsayin matakalar jirgin, na jera bulo daidai da ita. Kullum da safe sai ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, har guiwarsa ta kumbura. Yanzu ko hannuna ba ya kamawa. Nemo wata hujjar, Yaya, wannan ba ta shiga ba."

"Akwai sanyi can."

"Na saya masa rigar sanyi."

"Abincinsu..."

"Yaya Muntasir!"

Ya jefa makullan a kan tebur. Ya zauna ya dafe kai. Wallahi da a ce ban san shi ba da na tausaya masa.

"Alhaji Fousséni zai bi mu," ya ce.

"Mai manyan shagunan Cinkassé? Wanda kake ɗaukar wa kaya?"

"Shi. Ya ji ina maganar bakans, tafiyar hutun nan, ya ce shi ma ya daɗe yana son ziyarar Fas. Zan ce masa a'a? Rabin motocina kayansa suke ɗauka."

"To ya bi mu mana. Jirgin nasa ne ko namu? Ai yana da faɗi."

"Ba za ki gane ba."

"Ganar da ni."



"Alhaji ya san Baba a matsayin shef ne. Shef-gar na Blitta."

"Shugaban tasha?"

"Eh."

"Baba?"

"Sau ɗaya na faɗa! Sau ɗaya, shekarun baya, muna cin abinci da manyan mutane. Kowa na cewa ubansa kaza ne, wannan na duwan, wato kwastan, wancan ɗan sarki. Aka zo kaina. Na ce babana a gar ya yi aiki. Alhaji ya ce, shef ne? Na ce eh. Shi ke nan. Tun daga ranar ɗan shef yake kirana, a gaban kowa. Da wannan sunan ya yarda ya ba ni kayansa."

Zinariya ta yi dariya, irin wadda ta fi kuka ciwo.

"Yanzu ki duba," ya ci gaba, "a zuba Baba da Alhaji a ɗaki ɗaya na jirgi, guiwa na gugar guiwa, daga Kazablanka har Fas. Kin san Baba. Jirgin ba zai bar tasha ba zai fara. Ni ne Dogo mai buhu biyu. Ranar da na ɗauki gishiri buhu biyu a kai, Alassani mai ma'auni ya rantse ba mutum ba ne ni. Ni da Alassani mun ci tuwo a kwano ɗaya. Har hularsa zai cire ya nuna masa kanta! A mota ma haka yake yi wa fasinja, balle ya ga jirgi da idonsa."

"Don gaskiya ce."

"Gaskiyar da za ta tsayar mini da motoci."

"Da wannan kan da kake jin kunya aka kai ka lekol ka yi boko."

"Kada ki gaya mini! Ke ba ki yi lekol a Blitta ba. Ba ke aka riƙa yi wa waƙa ana ɗora miki jakunkunan 'yan aji a kai ba, wai gado ne. Ni aka yi wa."

"Sai ka rama a kansa?"

Ta matso kusa da shi.

"Kujerarsa fa? Ta bakin taga?"

"Alhaji na son taga."

Nan ne hawayen suka zubo mata. Haushi ne ya kawo su, zallar haushi. Ita ta bi hotuna da bidiyo tana lissafin ta ina rana ke bugowa, ta ina teku yake, ashe Alhaji Fousséni take yi wa shimfiɗa.

"Ka san Baba ya yi sallama?" ta ce. "Gida gida ya bi Zango da sandarsa. Liman ya sanar ranar Juma'a, aka yi masa addu'a. Mahauta suka haɗa masa kilishi na guzuri. Tsofaffin mata suna riƙe masa riga suna cewa ka tuna da mu a Fas. Su Baba Karimu, 'yan dakon da suka rage, mota suka shigo tun daga Blitta don su raka shi tasha. Ka san abin da suka ce masa? Suka ce Dogo, ka zauna mana a kujerar nan, mu duka. Da wace fuska zai koma?"

"Ai shi ya sa na kawo shi nan."

"Ban gane ba."

"Ba wanda zai sani. Zai zauna a ɗakin baya, Awa mai aiki na kula da shi. In mun dawo in ɗinka shi da jallabiya, in cika masa akwati da dabino da turare, mu shiga Sokodé tare. Akwai mai studiyo a nan da ke haɗa hoto, zai sa shi tsaye a gaban tashar Fas, ko ke ba za ki gane ba. Abin da ya rage labari ne kawai, kuma ke kin san hanyar kamar tafin hannunki. Ki koya masa. Nan aka tsaya, nan aka wuce, abu kaza aka gani."

"In koya wa ubana ƙarya."

"Ki rufa masa asiri."

"Naka dai."

"Kujerarki na nan, ban taɓa ta ba. Ba wanda ya san jiragen nan sai ke, in ba ke za mu ɓata."

"Wagadugun fa?"

Ya kau da kai.

"Ta Lomé za mu tashi."

Jama'a ku ji fa. Ta Lomé. Wato motar za ta bi ta tsakiyar Sokodé, ta gifta bakin Zango da gilashi a rufe, ta wuce ta Blitta, alhali mai Blittan yana Dapaong bayan labule.

Zinariya ta buɗe baki za ta yi magana, sai suka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a kan tayil.

Baba Dogo ne tsaye a ƙofar da ke shiga ciki. Babbar rigar tafiyarsa ce a jikinsa, shuɗiya, wadda tun Sokodé yake gwadawa yana cirewa. Ashe yau ma gwadawa yake.

Muntasir ya miƙe zumbur.

"Baba, tun yaushe..."

"Bangon gidanka ba shi da kauri."

Ya tako a hankali ya zauna a bakin kujera. Bai dubi Muntasir ba. Dama ba ya kama sunansa, ɗan fari ne.

"Zinari."

"Na'am Baba."

"Tekun nan, hagu kika ce ko dama?"

"Baba..."

"Ina tambayarki."

"Hagu."

"Hagu. To. In an bar Kazablanka, wane gari ne babba na gaba?"

Ta durƙushe a gabansa ta kama ƙafarsa.

"Baba don Allah ka bari. Wallahi ba inda za ni. Gobe da safe mu koma gida, ni zan tsaya a tsakiyar Zango in faɗi abin da aka yi maka."

"Ki faɗi me? Cewa yayanki na jin kunyata? Shi za ki tona ko ni?"



"Za ki je," ya ce. "Ki buɗe ido da kyau. In ba ki gani ba, me za ki koya mini? Tashoshin ba su dame ni ba, zan haddace. Karimu ne matsalata. Ba zai tambaye ni teku ba, ba zai tambaye ni Fas ba. Cewa zai yi, Dogo, kujerar da laushi? Ki zauna a kanta sosai, ki jingina, ki zo ki gaya mini yadda bayan mutum ke ji."

Muryarsa ba ta yi rawa ba ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai. Da ma ya yi faɗa. Da ma ya ɗaga sandar nan.

"Baba, ka yi haƙuri," Muntasir ya ce da ƙaramar murya. "Baɗi in Allah ya kai mu, ni da kai kaɗai..."

"Zinari, gaya wa yayanki ya bar baɗi inda take. Ni na yi dako, na san kayan da aka ajiye don a dawo a ɗauka, na san wanda aka ajiye don a manta."

Hon ɗin mota ya katse su. Sau biyu, a bakin get.

Bilkisu ta faɗo falon ba ko sallama.

"Alhaji ne! Alhaji Fousséni!"

"Me ya kawo shi?" Muntasir ya daka mata tsawa. "Na ce masa Baba na Sokodé ba shi da lafiya!"

"Ni... ɗazu a waya na ce wa Hajiyarsa Baba ya sauka. Ban san..."

Muntasir ya zube guiwa biyu a gaban mahaifinsa. Tun da Zinariya ta yi wayo ba ta taɓa ganin ya durƙusa haka ba.

"Baba, don girman Allah ka shiga ciki."

Baba ya dafa sanda zai miƙe. Amma ƙafar da ta koyi hawa matakalar jirgi ba ta koyi gudu ba. Kafin ya ɗago, sallama ta cika falon.

Alhaji Fousséni ya shigo, ƙato, fara'a har kunne, turarensa ya riga shi isowa. Yana ganin tsohon ya cire takalmi ya russuna, da Hausarsa ta 'yan ƙabilar Kotokoli da ba ta raba mace da namiji.

"Shef! Yau Allah ya yi! Hajiya ya gaya mini ka zo, na ce wallahi ba zan kwana ban gaishe ka ba. Shef-gar na Blitta da kansa! Yaya jiki?"

Zinariya na kallon hannuwan Baba. Manyan hannuwa masu kaushi, yatsun duk sun karkace. A hankali ya janye su cikin hannun babbar riga. Ya sa gefen hannu ya danna hularsa ta zauna sosai.

"Jiki da sauƙi," ya ce.

"Kai ne dai shef ɗin da ɗanka ke ba mu labari?"

Baba ya dubi ƙeyar Muntasir da ke durƙushe.

"Ni ne."

Zinariya ta ji kamar ta kurma ihu. Ta cije leɓe har ta ji gishirin jini.

"Madalla!" Alhaji ya tafa hannu. "To na zo maka da tsaraba. Kawuna ne, yana wurina kwanan nan ana duba masa ido. Shi ma a gar na Blitta ya yi aiki har ya tsufa. Da ya ji an ce shef, ya ce sai an zo da shi, wai ba shef ɗin da bai yi aiki a ƙarƙashinsa ba. Kawu! Shigo mana!"

Wani ɗan tsamurmurin tsoho ya shigo da sanda yana laluben bango, ido ɗaya rufe da auduga. Ya tsaya tsakiyar falo yana ƙyafta ɗayan. Ya matso. Ya ƙara matsowa, har numfashinsa na taɓa rigar Baba.

Sai sandar kawun ta faɗi ƙasa.

"La'ilaha illallahu. Dogo?"

Ba wanda ya motsa.

"Dogo mai buhu biyu! Kana raye? Ni ne! Alassani mai ma'auni! Wayyo Allah, an ce mini ka koma Sokodé, na yi ta cigiya!"

Ya buɗe hannuwa biyu yana dariya, hawaye na bin kuncinsa.

Alhaji ya dubi kawunsa, ya dubi Muntasir.

"Mai buhu biyu kuma?"

Zinariya ta dubi Baba. Mutumin da ba a kwana biyu bai ambaci sunansa ba, ga shi tsaye a gabansa da hannuwa a buɗe. Baba bai fito da nasa daga cikin riga ba.

"Malam," ya ce, "ka yi haƙuri. Ban san ka ba."

Dariyar ta mutu a fuskar Alassani. Hannuwansa suka sauko a hankali. Ya daɗe yana kallonsa da wannan ido ɗaya.

"Ba ka san ni ba?"

"Ban san ka ba."

Alassani ya gyaɗa kai. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki sandarsa, ya miƙe, ya nuna kan Baba da ita.

"To cire hularka."